Tsohon jirgina ya gaji: in gyara shi ko in ƙera sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, kuma ina da ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu samfurin RV-6A, wanda wani dattijo ya haɗa da hannunsa a shekarun 1990, ni kuma na saya a wurinsa. Injinsa Lycoming O-320 ne, ya kusa cika awa 2,000. Fenti ya koɗe, tankin mai yana tsattsafo, agogunan gaban matuƙi duk na da ne. In zuba kuɗi in gyara shi, ko in sayar in sayi kayan haɗa sabon samfurin RV-7 in haɗa nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya fi tayar maka da hankali, wato injin, shi ne abin da ya kamata ka fara cirewa daga lissafi. Ko ka gyara tsoho ko ka haɗa sabo, sai ka biya kuɗin inji, domin kayan da Van's, kamfanin da ke yin kayan haɗa jiragen RV, ke sayarwa na gangar jiki ne, inji da farfela da na'urorin gaban matuƙi kuɗinsu daban. Kuɗin da za ka kashe ta kowace hanya ba shi zai raba gardama ba.

Kuma awa 2,000 ɗin nan shawara ce ta Lycoming, kamfanin da ya ƙera injin, kan lokacin da za a sauke shi a yi masa garambawul, ko shekara 12 in ita ta riga cika. Dokar Amurka ba ta tilasta wa mai jirgin kansa, wanda ba haya yake yi ba, ya sauke inji ranar da ya cika ta. Injin da ake tashi da shi kowane mako ya fi lafiya a kan wanda ke ajiye, ko da awanninsa sun fi yawa. Dalili kuwa, a injin Lycoming kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, a sama yake, sai baƙin mai ya tsiyaye ya bar shi, raɓa ta samu wurin zama, tsatsa ta fara cinsa. Saboda haka a gwada matsin kowace silinda, a zura ƙaramar kyamara a ga bawul, a yanka filtar mai a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, a kai samfurin baƙin man ɗakin gwaji. In waɗannan sun fito lafiya, ba gaggawa.

Gangar jikin ce za ta yanke hukunci. Nemi makaniken da ya san jiragen RV, wanda ba shi da riba ko ka gyara ko ka sayar, ku buɗe duk wani murfi da ke buɗuwa. A fara da ginshiƙin fiffike da inda ya haɗu da jiki, sannan wutsiya. A 2014 Van's ya fitar da sanarwar a duba tsagewa a ginshiƙin gaba na kwantacciyar wutsiyar RV-6 da RV-7 da RV-8, to duba littafin tarihin jirgin ka ga ko an yi, da abin da aka gani. Haka ƙafar tayar gaba: masu RV-6A sun san yadda take iya kafewa a ƙasa mai laushi jirgi ya kife, kuma a 2007 Van's ya fitar da sanarwar a musanya cokalin tayar, wato ƙarfen da ke riƙe ta, da mai sabon fasali. A leƙa ƙarƙashin daɓen ciki da wurin batir. Tsatsar alminiyum ba ja ba ce, farin gari ne kamar toka, kuma in ka ga ƙarfe ya kumbura yana ɓarewa falle-falle, ta riga ta shiga ciki. Wannan ba fenti ke rufe shi ba. Kusar ribit da ke da baƙin zobe kewaye da ita motsi take yi.

Akwai wani abu da ya keɓanta da RV-6. Samfurin ya fito a 1986, kafin kamfanin ya koma huda ramukan kusa da na'ura, don haka galibi magini da kansa ya auna ya huda. Biyu ba sa zama ɗaya. Ingancin jirginka ingancin hannun dattijon nan ne, kuma in ka sayo sabon falle don musanya, sai an sassaita shi da ramukan da ke akwai. Aiki ne mai cin rai. (Wanda ya san Kaduna zai gane jirgin: Air Beetle da aka haɗa wa sojojin saman Nijeriya don koyon tuƙi a kan wannan samfurin aka gina shi.)

In ginshiƙai sun fito tsaf kuma aikin hannun yana da kyau, ni dai gyara zan ce maka. Tsattsafon tanki, tiyon mai da ya bushe, tsofaffin wayoyi, robobin da inji ke zaune a kansu, duk abubuwa ne da ake yi ɗaya bayan ɗaya, jirgi yana tashi a tsakani. Bi su bisa haɗarinsu: mai da birki da igiyoyin sarrafawa tukuna, na'urori daga baya, fenti can ƙarshe. Da yawa suna farawa da fenti don shi ido ke gani, daga baya a zo cire tanki a ɓata shi. Abin da nake tsoro shi ne “tunda an buɗe, bari a haɗa da wancan”. Da wannan maganar gyaran wata uku kan zama na shekara uku, a ƙare da gyaran gangar Auzinawa. Ka kuma sani kuɗin gyara ba ya dawowa duka ranar sayarwa, kuma babban canji, kamar sauya nau'in inji ko farfela, yana mayar da jirgi zangon tashin gwaji na aƙalla awa 5.

Ƙera sabo kuwa yana da nasa daɗin. RV-7, wanda ya gaji RV-6 a 2001, ramukansa a hude suke zuwa, fiffikensa ya ɗan fi faɗi, yana ɗaukar kaya fiye da naka. Za ka san kowace kusa a jikinsa, kuma in kai ka yi mafi yawan aikin, FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, za ta iya ba ka takardar duba jirgin da kanka kowace shekara. Wadda dattijon ya samu tasa ce, ba ta bin jirgi in an sayar. Amma aikin ya haura awa 1,000 nesa ba kusa ba, kuma ga mai aiki da iyali shekaru ke nan na dare da ƙarshen mako. Bayan an gama akwai zangon gwaji, galibi awa 40. Farashi ma ba ya jiran kowa: a Disambar 2023 Van's ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, waɗanda suka riga suka ba da kafin alƙalami suka tarar da ƙarin kuɗi, ko da yake kamfanin ya farfaɗo a 2024.

Wasiƙarka ba ta nuna mini mai ƙaunar zama da guduma da na'urar huda ba, ta nuna mai son tashi. Wanda ya sayar da jirginsa don ya sayi kayan haɗi yakan yi shekaru a ƙasa, hannu ya yi sanyi, sannan ya hau sabon jirgin da ba a taɓa gwadawa ba. In har gini ne ke ranka, riƙe tsohon, ka sayi kayan wutsiya kaɗai, su ne mafi araha kuma da su ake farawa. Kafin ka gama su za ka san ko za ka iya sauran.

In kuwa makanike ya samu tsatsa mai zurfi a ginshiƙin fiffike, ko ramukan da aka huda ba bisa ƙa'ida ba a wuraren ɗaukar nauyi, daina kashe kuɗi a kansa. Cire inji da farfela da duk na'urar da ke da sauran amfani don sabon, sauran kuma ka sayar a matsayin kayan gyara, ka rubuta wa mai saye abin da aka gani.