Ƙara farar ƙasa ba ya maganin warin farar wuta

Wani yaron aiki a masana'antar narka ƙarfe a Jos ya tambayi maigidansa: "Maigida, in warin farar wuta ya fara fita ta bututun hayaƙi, me ya sa kuke hana ni ƙara farar ƙasa a tanki? Ai ita ke kama gubar." Ga amsar da ya samu.

Ita ke kamawa, yaro, amma da awo. Baƙin man da muke ƙonawa a tanderu yana ɗauke da farar wuta. Kilo 1 nata in ya ƙone yana zama kilo 2 na iskar SO2, wannan mai shaƙe maƙogwaro, kuma kilo 3 da 'yar ɗoriya na niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa ya isa ya kama ta. Abin da ka zuba bayan wannan, ƙanzo kake haɗa mana.

Ma'aunin tsami, wato pH, shi ne alƙalinka. Riƙe kunun, wato garin dutsen da muke damawa da ruwa a tanki, tsakanin 5.5 da 6. In ya haura 6, dutsen ba ya narkewa da kyau, sai ya daskare a jikin hasumiyar da muke wanke hayaƙi a cikinta da cikin bututai kamar ƙanzon tuwo, ranar kankare shi kuwa guduma da kurfi za ka ɗauka. In ya faɗo ƙasa da 5, kunun ya ƙoshi, iskar za ta wuce abinta, tsamin kuma ya shiga cin ƙarfe. In ya fara sauka ƙasa da 5.5 ne kawai ake ƙari, kaɗan-kaɗan.

To in pH na daidai amma wari na fita, leƙa bakunan feshi. Galibi nan matsalar take. Hayaƙi na hawa daga ƙasa, kunu na zubowa daga sama kamar yayyafi. Baki ɗaya ya toshe, hayaƙin ya samu kafar da zai bi bai jiƙe ba. Sai ka duba famfo, domin kunu mai tsakuwa yana cinye farfelarsa, ƙarfin feshi ya ragu ba ka sani ba. Murza garin ma a yatsa. In ka ji yashi-yashi, niƙan bai yi ba, ana son ya yi laushi kamar fulawa.

Kada ka kashe injin hura iska na tanki don tsimin wuta. Iskar nan ce ke mai da laka mai yauƙi da ke taruwa bayan kunun ya kama gubar ta zama jifsam, irin wanda ake yin POP da shi, mai sauƙin tacewa. Rariyar sama da ke tare ɗigon kunu kuma, a riƙa wanke ta da ruwa mai tsabta a kowane zubin aiki.

Farin tururin da kake gani da sanyin safiyar hunturu kada ya tsorata ka. Hayaƙin na fita a jiƙe, zafinsa bai wuce digiri 50 zuwa 55 ba, sanyin Jos ne ke bayyana shi.