Bature mai malfa da direbobin kara ke nema

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ina da 'yar rumfar cajin waya a wani ƙauye kusa da Wudil, ina kuma tura wa mutane waƙoƙi a memori. Ran Juma'a nakan kwashi kayana in kafa a bakin kara. Akwai dattijan direbobi masu kai shanu Kudu, da sun zo sai su ce in sa musu waƙar Bature mai malfa, wato Don Williams. Ɗaya daga cikinsu ya rantse mini cewa mutumin makiyayi ne, a bayan shanu yake tsara waƙoƙinsa. Wani kuma ya ce yana nan da ransa. Ni dai turawa kawai nake. Don Allah wane ne shi, kuma da gaske shi yake tsara waƙoƙinsa? Daga ɗanka mai cajin waya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Wasiƙarka ta mayar da ni 1982, shekarar da aka tura ni koyarwa wata firamare a ƙasar Gaya. Ɗakin da mai gari ya ba ni bango ɗaya ne da shagon wani tela. Telan nan yana da rikoda mai cin batir shida da kaset uku kacal: na Shata, na Indiya, sai na wannan Bature. Ko "zo in kashe ka" bai sani ba da Turanci, amma da ya idar da sallar isha'i, ya kunna aci-bal-bal ya hau keke, kaset ɗin Baturen yake sawa. In batir ya yi sanyi ya shanya shi a rana, in zaren kaset ya harɗe ya sa biro ya naɗe. Na taɓa tambayarsa me yake ji a ciki, sai ya ce mini, "Malam, mutumin nan ba ya ihu." Daga baya na karanta abubuwa da dama a kan Don Williams, ban ga wanda ya fi telan nan gane shi ba.

Ka gaishe mini da direban da ya rantse, ka ce ya yi kaffara. Malfar ce ta ruɗe shi. A jihar Teksas ta Amurka malfa kamar hula ce a wurinmu, mai shanu da marar shanu duk suna sawa. A can aka haife shi, a wani ƙaramin gari mai suna Floydada, ranar 27 ga Mayu, 1939, ya kuma tashi a Portland da ke kusa da bakin teku a jihar. Mahaifinsa makanike ne, mahaifiyarsa ce ta koya masa kaɗa jita. Yana ɗan shekara uku ya ci wata gasar waƙa, aka ba shi agogon tebur. Da ya gama sakandare ya yi soja shekara biyu, ya dawo ya shiga buga-buga, har motar raba burodi ya tuƙa. Ka ga ke nan ya fi kusa da direbobin naka a kan Fulanin da ke kawo musu shanun.

A 1964 ya haɗa kai da wasu mutum biyu, Susan Taylor da Lofton Kline, suka kafa ƙungiya mai suna Pozo-Seco Singers. Sun ɗan yi suna, daga baya suka watse. Wannan gaɓar ce ta fi burge ni a tarihinsa: mutumin da aka riga aka ji muryarsa a rediyo sai ya ajiye jita ya koma shagon surukinsa yana sayar da kujeru da gadaje. Da irin namu ne, da yawa sai su gwammace su yi ta zaman kashe wando a majalisa suna ba da labarin lokacin da ake yi da su.

A 1971 ya koma Nashbil, a jihar Tenesi, wadda ita ce cibiyar kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka. Marubucin waƙa aka ɗauke shi a kamfanin wani mai suna Jack Clement, don shi kansa bai ɗauka muryarsa za ta sayu ba. Aikinsa ya rubuta, ya rera a matsayin gwaji, a kai wa manyan mawaƙa su zaɓa. Daga baya sai aka ce ya fito da kansa. Faifansa na farko ya fito a 1973, yana da shekara 34. A 1974 waƙarsa ta fara hawa matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin kantiri da suka fi tashe, kuma kafin ya gama sau 17 ya hau wurin.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce mai nama. A wurinmu mawaƙi da waƙarsa abu ɗaya ne. Shata yana tsaye zai ƙago baiti, 'yan amshi su karɓa, makaɗan kalangu su bi. Ɗan Maraya Jos shi da kuntiginsa ne kawai, kuma ba wanda zai ce maka wani ne ya rubuta ya miƙa masa. A Nashbil sana'a biyu ce. Akwai masu rubutu da ke zuwa ofis da safe kamar ma'aikatan sakatariya, su zauna bibbiyu ko uku-uku su tsara waƙa, kamfani ya yi mata rajista da sunansu. Mawaƙi ya zo ya saurara ya ɗauki wadda ta dace da shi. Duk lokacin da aka sa ta a rediyo ko aka sayar da faifai, marubucin yana da nasa kaso, ko da ba wanda ya san fuskarsa. (Wanda kake turawa a memori dai ko kwabo ba ya kai musu, amma wannan tsakaninka da su ne.)

Don Williams ya taɓa ɓangarorin biyu. "Lay Down Beside Me" da "Love Me Over Again" nasa ne, shi ya rubuta. Amma waɗanda direbobinka suka fi nema akasari na wasu ne. "You're My Best Friend" ta 1975 Wayland Holyfield ne ya rubuta. "I Believe in You" ta 1980, wadda ta fi kowace tasa tafiya, Roger Cook da Sam Hogin ne. "Amanda" kuwa ta Bob McDill ce. In kana son wadda ta tsara da yawa daga cikin abin da ta rera, ka nemi mawaƙiyar kantiri Dolly Parton, ita ce ta rubuta waƙar nan "I Will Always Love You" da Whitney Houston ta sake rerawa a 1992 duniya ta ɗauka.

Kada ka ji haka ka ce ashe ɗan amshi ne. A ganina gwanintarsa tana wurin zaɓe. Ka lura da dillalin da ya ƙware a kararku: ba shi ya kiwata shanun ba, amma kallo ɗaya zai yi ya san wanda zai kai Legas da ƙafarsa da wanda zai kwanta a hanya. Haka mutumin nan yake da waƙa. Ba ya ɗaukar mai fankama ko zage-zage. Kusan duk maganarsa a kan riƙon amana ce tsakanin miji da mata, da kewar gida, da roƙon Allah ya sa a wuni lafiya. Sannan ya rage kayan kiɗa, a lokacin da sauran mawaƙan Nashbil ke cika faifai da goge iri-iri har murya ta nutse. Shi jita ce da ɗan kiɗa mai taushi, sai muryar nan mai kauri tana tafiya a hankali kamar raƙumi da kaya. Kalmominsa a rarrabe suke fita, shi ya sa ɗan aji uku na sakandare yake iya tsintar abin da yake faɗa. Ni kaina na sha rubuta wa yara layukansa a allo in ina koyar da Turanci, har wani sufeto ya taɓa kama ni ya yi mini faɗa, da zai tafi kuma ya ce in ara masa kaset ɗin. Bai dawo da shi ba, ni na biya tela.

Saboda tsayinsa da sanyin halinsa, laƙabin da suka sa masa yana nufin ƙato mai taushin hali. A 1978 aka zaɓe shi gwarzon mawaƙin kantiri na shekara cikin maza, a 2010 aka sa sunansa a zauren girmamawa na kiɗan a Nashbil. Ya yi farin jini sosai a Ingila, a 1997 kuma ya zo Afirka ya yi wasa a Harare ta Zimbabwe, aka ɗauka a bidiyo. Matarsa Joy da ya aura a 1960 ita ce dai har ƙarshe, shekara 57, da 'ya'ya maza biyu. Yawon dare da tarukan mawaƙa ba su dame shi ba, in ya sauka daga dandali gonarsa ta wajen Nashbil yake komawa. A nan direbanka ya ɗan samu abin kamawa.

Wanda ya ce yana da rai kuwa, labari ne bai iske shi ba. Don Williams ya yi sallama da waƙa a 2006, ya dawo a 2010, ya fitar da faifai biyu a 2012 da 2014, sannan ya ajiye gaba ɗaya a 2016. Ya mutu ranar 8 ga Satumba, 2017, a garin Mobile na jihar Alabama, da ciwon huhu, yana da shekara 78.

Ina da zuwa Gaya gaisuwar rasuwa cikin watan nan, kuma ta Wudil zan bi. In ya faɗo Juma'a zan neme ka a bakin kara. Ka ajiye mini "Till the Rivers All Run Dry", wadda ya rubuta tare da Holyfield, don ita ce ta farko a kaset ɗin telan, amma ka sani wayata ƙarama ce mai madanni, sai ka duba ko tana cin memori.