Me ya hana su ɗora babban inji a motar tsere?

Sani, ka ce kun kalli tseren Formula 1 a gidan kallo a Zango, ka ga motocin duk zubinsu ɗaya in ba fenti ba, shi ne kake tambaya me ya hana mai kuɗi ya ɗora ƙaton inji ya wuce kowa. Ajiye sifanar nan ka zo ka ji.

Ba a ba su wannan damar ba. Akwai hukuma a Paris, FIA, ita ke rubuta dokar tseren. Kafin injiniya ya ja layi ɗaya a takarda, an riga an yanke masa faɗin mota, da nauyin da ba za ta gaza ba, da girman inji. A 2014 aka ce silinda 6, lita 1.6, turbo ɗaya. Cikinsa ke nan daidai da na Corolla da muke kwancewa a garejin nan, amma Corolla doki ɗari da 'yan kai take bayarwa, wancan kuwa da taimakon lantarki ya kai wajen doki 1000.

Ta yaya? Ta wajen mai aka matse su. Tun 2010 an hana ƙara mai a tsakiyar tsere, dokar 2014 kuma ta ce kada inji ya sha fiye da kilo 100 a awa ɗaya, aka sa na'ura a bututun mai tana awo. Tunda ba halin ƙara mai, sai kowa ya duƙufa kan tatsar wanda ke akwai. Hayaƙin da mu muke bari ya fita ta salansa, su suka sa shi yana juya janareta daga 2014 zuwa 2025. Taka birki ma caji yake kai wa batir. A 2017 Mercedes ta ce injinta ya mai da fiye da rabin ƙarfin mai zuwa aiki, alhali motar titi da ƙyar take cin moriyar kashi ɗaya cikin uku. Ni a ganina nan gwanintar take, domin ƙaton inji kowa ya iya ɗorawa.

Da can an fi sakar musu mara. A 1976 ƙungiyar Tyrrell ta fito da mota mai taya shida, har ta ci tsere a Suwidin. A 1978 ƙungiyar Brabham ta maƙala fanka a bayan mota tana zuƙe iskar ƙarƙashi, Niki Lauda ya ci tsere da ita sau ɗaya, aka janye ta.

Wasu dokokin kuma rai aka rasa kafin a rubuta su. Direba Ayrton Senna ya rasu a haɗarin tsere a Imola ta Italiya a 1994, kuma a shekarar aka wajabta ɗaura falanki a ƙarƙashin kowace mota, kaurinsa milimita 10. Motar tsere tana son ta kwanta dab da kwalta, don iska ta danne ta, ta riƙe kwana. Falankin nan shi ke hana a wuce gona da iri. Ana gama tsere sai a auna shi, in ya cinye fiye da kima (milimita 1 a dokar 1994), an soke sakamakonka. Haka aka ƙwace wa Michael Schumacher nasara a Beljiyam a 1994, haka aka soke na Lewis Hamilton da Charles Leclerc a Amurka a 2023.

To ka sa kanka a matsayin makanikensu. Ka sauke mota, ta yi gudu, falanki ya cinye. Ka ɗaga ta, falanki ya tsira, direba ya rasa riƙo a kwana. Ga tanki cike a farkon tsere yana ƙara danne ta, ga gargadar hanya da sai an lissafa. In ka koma kallo, ka lura da tartsatsin da ke tashi a bayansu a miƙaƙƙiyar hanya: ƙarafan titaniyam ne da aka dasa cikin falankin suke gugar kwalta.