Amsa ga ƙanwarmu kan alamar + da ke jikin Na, wato sodiyam

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kin ce wai ta yaya sodiyam zai rasa ilektiron sannan a sa masa +, alhali wanda ya yi asara ragi ya kamata a rubuta masa. Wallahi duk shekara sai 'yan SS1 sun yi mini wannan tambayar, ni kaina hadda kawai na yi ta yi har na kusa zana WAEC, kuma laifinmu ne malamai, muna saurin zana da'ira a allo ba mu sa yara sun ƙirga ba.

Atam abu uku ne a cikinsa. Firoton mai caji + da niyutiron marar caji suna dunƙule a tsakiya, ilektiron mai caji − yana kewaye a waje. Abin da nake so ki riƙe shi ne firoton ba ya zuwa ko'ina in atam ya haɗu da wani atam, ilektiron na waje ne kaɗai ke tafiya ko ya zo.

To ƙirga. Sodiyam lambarsa (wato yawan firoton ɗinsa) 11, firoton 11 ilektiron 11, sun yi canjaras, ba caji. Jerin ilektiron ɗin a da'irorinsu, daga ciki zuwa waje, 2, 8, 1, wannan ɗayan na ƙarshe shi kaɗai yake a waje kuma riƙon da aka yi masa ba ƙarfi, da ya tafi saura ilektiron 10 ga firoton 11 suna nan daram, kin ga + ya fi da ɗaya kenan, shi ne Na+. Ni a aji ce musu nake ku ɗauki ilektiron kamar bashi, wanda aka sauke wa bashi ai gaba ya ci, wanda ya karɓa kuma shi ya shiga ragi. Kilorin ne mai karɓar, 17 ne, 2, 8, 7, ɗaya yake nema ya cika 8, sai ya zama Cl−. Duk atam da ya samu caji haka sunansa ayon.

Abin mamaki, sodiyam zalla a cikin mai ake ajiye shi don in ya taɓa ruwa har wuta yana iya kamawa, kilorin kuma iska ce mai guba, amma da suka zama ayon suka manne, gishirin miya ne fa.

Inda yara ke faɗuwa a JAMB shi ne su taɓa firoton, su ce Na+ yana da 12. A'a, mai firoton 12 magniziyam ne, wani abu daban.

In kina da batir da waya da ɗan ƙaramin kwan tocila gwada, ki haɗa su ki tsoma bakin wayar biyu cikin gishiri, busasshen gishiri ba zai kunna ba, narka shi a ruwa ayon su samu sakewa sai ki ga ɗan haske, LED ya fi nunawa. Da batir kawai don Allah, ban da soket.

Yanzu yi mini kalsiyam, lambarsa 20, ki turo jerinsa da cajinsa mu gani.