Apolo ya warke ya sake dawowa: me za a saya, me za a zubar?

Kusan duk saƙonnin da suka zo mana wannan makon kan jan ido ne, daga Garwa har Njamena. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta yi wa gidaje da yawa amfani.

Tambaya daga wata uwar gida a Garwa: Yarana huɗu ne. Apolo ya fara da babban, ya zagaye gidan har ni, yanzu kuma ya koma kan babban bayan ya warke. Kwalba ɗaya ta maganin ɗigawa na saya, ita muke sa wa kowa. In nemi maganin da ya fi wannan ƙarfi ne?

Sannu da jinya, Hajiya. Kada ki kashe kuɗinki kan magani mai ƙarfi. Kwalbar nan da ke yawo daga ido zuwa ido, ita muka fara zargi. Lokacin da ake ɗiga wa yaro magani yana ƙifta ido yana fizge kai, bakin kwalbar kan taɓa gashin idonsa ko kwantsa, sai a rufe, a kai wa na gaba. Ki jefar da ita yau. Idan ma'aikacin lafiya ya rubuta magani, kowa da kwalbarsa, a rubuta sunansa da ranar da aka buɗe ta a jiki. Wajen ɗigawa a ja fatar ido ta ƙasa da yatsa mai tsabta, a riƙe kwalbar sama kaɗan yadda ba za ta taɓa komai ba, a sa ɗigo ɗaya. Ɗigo na biyu kumatu yake bi, asara ce. Kwalbar da aka buɗe ba ta wuce mako huɗu, wasu ma kwana 15 aka rubuta a takardarsu, don haka ba abin ajiya ba ce sai wani ya sake kamuwa.

Jan idon da ke bazuwa a unguwa kamar wutar daji yawanci ƙwayar bairas ce ke kawo shi. A Gana aka fara ganin irin wanda ake kira Apolo a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 na Amurka ya kai mutane duniyar wata, daga nan sunan ya bi shi. Alamarsa hawaye mai ruwa-ruwa, ido ja, ji kamar an zuba yashi, wani lokaci da kaluluwa a gaban kunne. Magungunan kashe bakteriya ba sa taɓa bairas. Da kansa yake tafiya cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ke buƙatar irin su chloramphénicol ko man tétracycline shi ne mai kwantsa mai kauri, ruwan ɗorawa ko kore, da ke liƙe ido da safe ta kuma sake taruwa da an goge.

Dalilin komawarsa kan babban ɗanki kuwa, ƙwayoyin da ke kawo jan ido ba iri ɗaya ba ne. Dangin da ake kira adenobairas kaɗai sun haura iri 50, kuma garkuwar da jiki ya samu daga ɗaya ba ta kare shi daga sauran. Yana iya yiwuwa kuma bakteriya ce ta hau idon da aka sha murzawa. Adenobairas na da taurin rai: yana iya yin makonni a kan busasshen abu irin su marfin roba, mariƙin ƙofa da fuskar waya, kuma mai ciwon na iya yaɗa shi har kwana 14 daga ranar da idon ya fara ja. Mutane kan saki jiki a kwana na biyar da ja ya ragu, a koma tawul ɗaya da matashi ɗaya.

Kuɗin da za ki ba mai magani, ki raba shi haka. Sabulu tukuna, a ajiye shi kusa da buta, a wanke hannu na daƙiƙa 20 duk lokacin da aka taɓa ido ko aka sa wa yaro magani. Ruwan goge hannu mai barasa bai kai sabulu da ruwa ba a kan wannan ƙwayar. Sai ƙaramin tawul ko tsumma mai tsabta ga kowane yaro, launi daban don kada su rikita. Sai auduga da ruwan gishirin farmasi, wanda aka rubuta sérum physiologique a kwalinsa, mai ƙananan robobi na mililita 5 da ake fasawa a yi amfani sau ɗaya a yar. In babu shi, ruwan da aka tafasa ya huce ya isa goge fatar ido. Ana gogewa daga gefen hanci zuwa waje, shafa ɗaya, a jefar da audugar, ɗaya idon kuma a ɗauki sabuwa. Rigar matashi da tawul a wanke su kullum da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana, a bi su da dutsen guga.

Na ƙarshe ruwan jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, don ƙofofi, marfin randa, mariƙin buta da kujerun roba. Ki duba kwalbar: in an rubuta 2,6% ko 9°, ludayi ɗaya a ludayi huɗu na ruwa, in 3,6% ko 12° ne, ɗaya a shida. A goge, a bari minti goma, a ɗauraye. A haɗa sabo kowace rana don ƙarfinsa na tafiya in ya kwana, kada a gauraya shi da wani abin wanki, kada kuma ya kusanci fuska.

Tambaya daga wani tela a Marwa: Mai sayar da magani a kasuwa ya ba ni wata kwalba, kwana ɗaya jan ya ɓace. Da na daina sai ya dawo. Karo na uku ke nan ina sayenta.

Malam, ka ɗauko kwalin ka karanta. Muna kyautata zaton za ka ga dexaméthasone, bétaméthasone, prednisolone ko hydrocortisone. Waɗannan danne kumburi suke yi, ciwon yana nan a ƙasa, har suna iya tsawaita zaman ƙwayar a ido. Haɗarinsu ya fi wannan. In akwai gyambo a baƙin ido, musamman na ƙwayar hafis (bairas mai kawo ƙuraje a leɓe) ko na fangas (dangin fumfuna), wannan magani na faɗaɗa shi har ya bar hakiya. Wanda ya yi makonni yana ɗigawa kuma ƙarfin ruwan cikin idonsa na iya hawa ba tare da wani zafi ba, ya lalata jijiyar gani, abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanar ido ma na biyo baya. Ga mai zura zare a allura wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada ka sayi ta huɗu. Ka kai kwalbar sashen ido na asibiti cikin wannan makon, ka faɗa musu tsawon lokacin da ka yi kana sa ta, ka nemi a auna maka ƙarfin ruwan ido. Su za su ce a tsaya nan take ko a rage a hankali.

Tambaya daga wata amarya a Njamena: Kwallina mai tsada ne, tsarabar Makka. Dole sai na zubar?

Dole ne, 'yar'uwa, in tsinken ya shiga idonki lokacin ciwon ya koma cikin tandu. Garin kwalli ba ya wankuwa. Haka jagirar ido da burushin gashin ido. Ki jira idon ya washe sarai kafin ki buɗe sabo, kuma kada tsinke ɗaya ya zagaya ƙawaye ranar biki. Jarirai kuwa a bar sa musu gaba ɗaya, don kwallin dutse mai ƙyalli yawanci da dalma a cikinsa.

Tambaya daga wani ɗan kilando, mai ɗaukar fasinja a babur, a Kusiri: Baƙin tabarau na hana kamuwa?

Kallo ba ya ɗaukar Apolo, ɗan'uwa, hannu ke ɗauka. Tabarau na rage wa mai ciwo zafin haske, yana tare ƙura, yana kuma hana yatsa kaiwa ido, don haka mai araha ma ya wadatar. Ka wanke shi da sabulu kowane dare, kada ka ara kada ka ba da aro. Kuɗin fasinja da mariƙin babur sun fi idon fasinja haɗari.

Tambaya daga wani malamin makarantar allo a wani ƙauye kusa da Mora: Almajiraina ba sa rabuwa da ciwon ido, wannan ya warke wancan ya kama, shekara da shekaru. Wane magani zan saya in ajiye?

Allah ya gafarta Malam, ciwon da ke zagaye yara shekara bayan shekara, da kwantsa da ƙudaje a fuska, ba lallai Apolo ba ne. Muna jin tsoron amodari, wanda aka daɗe ana yaƙi da shi a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru da sassan Chadi. Kamuwa ɗaya ba ta makantarwa. Maimaituwar ce ke barin tabo a cikin fatar ido ta sama, bayan shekaru fatar ta lanƙwashe, gashin ido ya juya ciki yana kartar baƙin ido. Ana gane shi ne in ma'aikacin lafiya ya juya fatar idon ya duba, don haka a gayyato shi ya duba yaran duka a zama ɗaya. Maganinsa azithromycine na sha, ko man tétracycline 1% sau biyu a rana har mako shida, kuma jama'a ake yi wa tare, don yaro ɗaya da aka bari zai mayar wa sauran. Abin da ya cancanci kuɗin Malam shi ne ƙarin butoci, sabulu da murfin masai, tunda ƙudan da ke bin ido a kashin mutum da aka bari a fili yake haihuwa. Kowane yaro ya wanke fuska da ruwan da ke zuba daga buta, ba a kwano ɗaya ba, ya bar ta ta bushe ba tare da tsumman kowa ba. Yaron da ke ta sosa ido da hunturu, farin idon ya yi ruwan ƙasa, babu kwantsa, sau da yawa ƙura ce ke tayar masa, wannan ba ya yaɗuwa, kada a ware shi.

Tambaya daga wata kaka a Ngaundare: Jikana kwanansa biyar, idonsa ya kumbura yana zubar da kwantsa. Maƙwabta sun ce a ɗiga nonon uwa, wata ta ce fitsari. Wanne ya fi?

Ko ɗaya, Inna. Ku ɗauke shi zuwa asibiti yau, kada a jira suna. Jan ido da kumburi a jaririn da bai cika wata ba yakan fito ne daga ƙwayar da ya ɗauka a hanyar haihuwa, kuma in ta ciwon sanyi ce tana iya huda baƙin ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Allura yake buƙata, ɗigawa kaɗai ba ta isa, kuma za a duba uwar da uban a ba su nasu maganin. Fitsari shi kansa yana iya ɗauke da wannan ƙwayar ya zuba ta a idon da ba ta ciki. Ruwan lemun tsami, ruwan sukari, albasa da ruwan batir cutar da ido suke yi. Haka duk wani babba a gidan da ganinsa ya dushe, ko zafi ya hana shi buɗe ido a haske, ko aka ga farin ɗigo a baƙin idonsa, ko yaro mai ƙyanda da idonsa ya yi ja, shi ma ranar za a kai shi asibiti. A hanya ki riƙa goge wa jaririn kwantsar da auduga da tafasasshen ruwan da ya huce, ki wanke hannu da sabulu bayan kowace gogewa.