Tambayi Injiniya: Kwamfutar reshe ta kwana uku a kashe, sai aka ce a sake kwafi daga farko

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ina sarin magani a Adum, ƙanena kuma yana riƙe min reshe a Aboabo. Yaron da ya haɗa mana kwamfuta ya sa wata manhajar ajiye bayanai mai suna PostgreSQL, duk abin da aka shigar a Adum sai ya fito a Aboabo. In an ɗauke wuta awa biyu, tana dawowa ta Aboabo take cim ma 'yar'uwarta. Watan jiya ta lalace kwana uku, da aka gyara sai ta ƙi bi. Ya ce sai an sake kwafe komai, ya kuma karɓi kuɗi. Cuta ta ya yi?
Daga mai karatunku a Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bai cuce ka ba, amma ya yi sakaci.

Tushen maganar shi ne wani aiki na PostgreSQL da muke kira cekfoyin, ni zango nake ce masa, don kowane ɗan Kumasi ya san asalin kalmar: inda fataken goro ke sauke kaya su kwana. PostgreSQL ba ya taɓa lissafinka sai ya fara rubuta canjin a wani kundi mai suna WAL, ƙunshi-ƙunshi, kowanne megabayit 16. Ka sayar da kwali goma na farasitamol, kundi ne ke fara ji. Duk minti 5, ko kundin ya doshi gigabayit 1, sai ya yada zango: ya zube duk abin da ke kansa a faifai, ya sa alama. In wuta ta ɗauke, daga zangon ƙarshe yake tashi, ya bi sawun kundi har inda aka tsaya.

Ta Aboabo ma tana da nata zangon. In ta farfaɗo sai ta ce wa ta Adum, "Ba ni daga wuri kaza." Awa biyu, wurin yana nan. Matsalar ita ce, ta Adum in ta wuce zango tana share tsofaffin ƙunshi, tunda ita ta gama da su. Ba ta san akwai wanda ya tsaya a baya ba. Bayan kwana uku na ciniki, ƙanwar ta zo neman abin da aka riga aka share. In ba a adana kundin a wani wuri ba, sai dai sabon kwafi.

Sakacin nasa kuwa, tun 2014, a fitowar PostgreSQL ta 9.4, aka kawo hanyar keɓe wa reshe gurbi, wanda muke kira silot. In an kafa shi, babbar (ta Adum) ba ta share komai sai ƙaramar (ta Aboabo) ta karɓa. Amma fa yana da ƙaya. Na taɓa ganin shagon da aka manta da reshe a kashe wata guda, kundi ya yi ta taruwa har faifai ya cika, babbar ma ta tsaya cak ana tsakiyar ciniki, masu saye sun yi layi har baranda. Shi ya sa fitowa ta 13, a 2020, ta ba da damar sa masa iyaka.

Ka kira yaron ya kafa gurbin, ya sa iyakar da za ta ɗauki cinikin mako guda. Sannan a gabanka ya kashe ta Aboabo ranar Juma'a, a kunna ta Litinin, ka duba da idonka ko rasit ɗin Asabar ya iso. Sai bayan nan ka biya shi.