Tabaran VR zai iya maye gurbin atisaye a fili?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tabaran VR (wanda in ka saka shi za ka ga kamar kana cikin fili, alhali hoton kwamfuta ne) da rigar nan mai girgiza jiki za su ishi ƙaninka mai tsaron gida, har ya rage zuwa fili. Gaskiya ba za su ishe shi ba, amma suna da amfani.

Abin da tabaran ke horarwa ido ne da saurin yanke shawara. Kamfanin STRIVR, wanda ya samo asali daga Jami'ar Stanford, da haka ya fara, kuma a 2015 ƙungiyar Dallas Cowboys ta ƙwallon Amurka ta ɗauke shi. Ɗan wasa zai maimaita yanayi guda sau da yawa ba tare da kowa ya buge shi ba. Shi ya sa nake ganin ya fi dacewa da mai jinyar rauni.

Ita kuwa rigar, ƙananan injina ne a cikinta ke karkarwa su nuna maka inda aka taɓa ka. Ba za ta ba shi nauyin ƙwallo a tafin hannu ba, balle faɗuwa ƙasa. Wannan sai fili.

In zai gwada, ya fara da 'yan mintoci, don wasu jiri yake kama su.